Yadda ake buga zanen gida daga AutoCAD ba tare da ma'auni ya ɓaci ba

AutoCAD manhajar zane ce ta kwamfuta. Kafin ka taɓa firinta, ka tabbatar da girman takardar da zanen zai shiga. Ɗauki fili mai ƙafa 50 da 100, irin wanda aka saba yankawa a Sakkwato. A ma'aunin 1:100, wato milimita 1 a takarda na wakiltar milimita 100 a ƙasa, zai ci milimita 152 da 305 a takarda, alhali tsawon A4 bai wuce 297 ba. Sai dai A3, mai 297 da 420, ko ka koma 1:200.

Danna Ctrl da P, akwatin Plot zai buɗe. Zaɓi firinta da girman takarda. A wurin What to plot ka ɗauki Window, ka ja akwati daidai kan layin da ya kewaye zanen. Extents, zaɓin da ke kwaso duk abin da aka zana, ba abin yarda ba ne: ɗan guntun layi da aka manta a can nesa ya isa ya mayar da gidan kamar ƙwayar gero a kusurwar takarda.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne Fit to paper, zaɓin da ke daidaita zane da girman takarda. Cire alamar da ke kansa. Idan ka bar ta, manhajar za ta matse zanen yadda ta ga dama, magini ya aza rula ya sami ɗakin mita 4 ya koma 3.6, kuma da wannan zai haƙa tushe. Rubuta ma'aunin da hannunka: in da milimita ka yi zanen, milimita 1 a takarda daidai da 100 a zanen. Rubutun da ke cikin zanen kuwa ya kai tsayin milimita 250, don ya fito 2.5 a takarda.

A Plot style table zaɓi monochrome.ctb, mai fitar da duk layuka da baƙi, in ba haka ba layin rawaya da ƙyar za a gan shi. Ka ba layin bango kaurin milimita 0.50, layin awo 0.18. Duk abin da aka zana a rukunin layuka (layer) mai suna Defpoints ba ya fita a takarda, ko da kana ganinsa a allo.

Duba Preview, sannan ka buga. In shagon buga takardu za ka kai, fitar da shi ta DWG To PDF, ka ce wa mai shagon ya zaɓi Actual size. Da takardar ta fito, auna bango guda da rula: na mita 5 ya zama santimita 5 cif.

Lokacin hunturu a riƙa rufe firinta da yadi. Ƙura da bushewar iska na toshe bakin tawada, kuma siraran layuka ne ke fara yankewa.