Kurakuran da masu farautar jiyokashin ke tafkawa a tsohuwar Route 66

Ga wanda bai sani ba, jiyokashin wasa ne da aka fara a Amurka a shekarar 2000, wani zai ɓoye ɗan gwangwani ko roba da takarda a ciki, ya saka lambobin GPS na wurin a intanet, kai kuma ka bi waya ka nemo shi, ka rubuta sunanka ka mayar. Route 66 kuwa hanyar mota ce a Amurka tun 1926, daga Shikago har Kalifoniya, sai manyan tituna irin su I-40 suka zagaye ta, a 1985 aka cire ta daga jerin hanyoyin tarayya. Guntayen nan da motoci suka ƙaurace wa, su 'yan wasan suka fi so.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne dogaro da netwok. Tsakanin Kingman da Oatman a Arizona hanya ce mai lanƙwasa cikin duwatsu, sabis na iya ɗaukewa kana tsakiyar nema, don haka sauke taswira da bayanan wuraren ɓoyon tun kana masauki, ka cika tanki, ka ɗau ruwa fiye da yadda kake zato, gidan mai ba kusa ba.

Sai masu manne ido a waya. Ta ce saura mita 3 suna ta zagaye wuri ɗaya kamar an yi musu kurciya, alhali GPS kan kauce da 'yan mitoci. In ka iso kusa sa wayar a aljihu ka duba da ido, gindin alamar hanya, bayan ƙarfen gefen titi inda ake manna gwangwani mai maganaɗisu, ko tarin duwatsun da ka ga kamar hannu ne ya jera su. Amma don Allah kar ka cusa hannu ƙarƙashin dutse kai tsaye, hamada ce, akwai kunama da maciji mai kaɗa jela, fara zungura da sanda.

Biro ma ana mantawa, ƙananan gwangwanayen ba sa ɗaukar biro. Kuma ba a saka abinci a ciki, dabbobi za su tone shi.

Wajen Peach Springs ƙasar ƙabilar Hualapai ce, in ka ga shinge ko allon gargaɗi kar ka tsallaka wai don waya ta nuna can. In ka nema ka rasa, rubuta a intanet cewa ba ka samu ba, ba abin kunya ba ne, da haka mai shi zai san ko an ɗauke ya zo ya sake sakawa.