Yadda Za Ka Gane Kuɗin Ƙaramar Hukuma a Takardar Bayanin Asusunka

'Yan kasuwa da dama a Gombe sukan karɓi takardar bayanin asusu, wato sitatimen, su ga an cire wani kuɗi da haruffan LG ko LGA, wato ƙaramar hukuma a taƙaice da Turanci, a gefensa, hankalinsu ya tashi. A ƙa'ida, ƙaramar hukuma ba ta da ikon taɓa asusunka ba tare da izininka ko wani umarni na doka ba, saboda haka irin wannan kuɗi yawanci biya ne da kai ko yaron shagonka kuka yi, aka manta da shi.

Fara da ware abin da ba na ƙaramar hukuma ba ne. Naira 50 da ake cira a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000 haraji ne na tarayya, haka ma harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan cajin banki, kuɗin alat da na kula da kati kuwa banki ne yake karɓa.

Abin da ya rage sai ka auna shi da abin da doka ta ba ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, allunan talla da rajistar haihuwa, mutuwa da aure, tare da ƙididdige harajin gine-gine. Idan kana da rumfa a kasuwar Kumo, ko ka kafa allon talla a Bajoga, ba abin mamaki ba ne ka ga sunan Akko ko Funakaye, biyu daga cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar.

Daga nan sai ka ɗauko rasit ɗinka, domin a nan ne aikin yake. Ka duba kwanan wata da adadin kuɗi da lambar shaidar biya, ka gwada su da layin da ke cikin sitatimen ɗaya bayan ɗaya. Idan ta manhajar biyan kuɗi ta Remita aka biya, za ka ga lambar shaidar biya da ake kira RRR mai alƙaluma 12, ita ce kuma za ka nuna a ofishin kuɗin shiga. Sau da yawa adadin yakan ɗara na rasit da ɗan abu kaɗan saboda ladan mai POS ko cajin manhajar biya, sunan da ya fito kuma yana iya zama na shagon mai POS ɗin. Shi ya sa ya kamata ka rubuta abin da ka biya a bayan 'yar takardar POS tun a wurin, domin tawadarta takan goge cikin ɗan lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne ganin sunan mutum a inda ya kamata a ga sunan hukuma. Duk wanda ya zo maka da sunan karɓar haraji ya ba ka lambar asusunsa na kansa, kada ka tura, ka nemi takardar neman biya da asusun da ke ɗauke da sunan hukumar.

Idan ka bi duk wannan ba ka gano asalin kuɗin ba, ka rubuta wa bankinka ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin, ka kuma nemi a toshe katinka in kana zargin wani ne ya yi amfani da shi. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da kwafin sitatimen da rasit ɗinka.