Improvisar: inda masu koyon Sifaniyanci suke yawan tuntuɓe

Wanda ya fara da Turanci, da ya ga improvisar sai zuciyarsa ta tafi ga improve, ya ɗauka gyara ko inganta abu ake nufi. Sam ba haka ba ne. Idan inganta kake nufi, mejorar za ka ce. Improvisar yin abu ne nan take ba tare da shiri ba, da abin da ke hannu. Baƙi sun sauka da dare, uwargida ta leƙa ta tarar da ƙwai uku da dankali, ta haɗa abinci: improvisó una cena. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su cika faɗawa wannan rami ba, don sun san improviser a Faransanci.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na ɗan karan da ake ɗorawa a kan wasali, domin yana sauya mai aikin da lokacin gaba ɗaya. Improviso, da nauyin murya a kan "vi", na nufin ni nake yi yanzu. Improvisó, da nauyi a ƙarshe, shi ko ita ta yi a baya. Haka improvisé, na yi, ya bambanta da improvise, wanda ake faɗa wa babba cikin ladabi cewa ya yi. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wuya ba, tunda mun saba da karin sauti mai raba kūkā (na hawaye) da kūkà (bishiya). Kunnen yana nan, hannu ne ke mantuwa wajen rubutu.

Wajen furuci, harshenmu kan ja p zuwa f. A rufe leɓe sosai, a sake shi. Harafin v kuwa kamar b ake faɗarsa, amma kada a rubuta improbisar.

Sai a kula da de improviso, wato kwatsam: llegó de improviso, ya iso ba sanarwa. Un imprevisto kuma lalura ce da ta taso ba zato.

Kalmar tana da fuska biyu. Mawaƙan payadores na Ajantina da Urugwai, da repentistas na Kyuba masu tsara baiti mai layi 10 a gaban jama'a, yabo ne a ce suna improvisar. Amma a Latin Amurka, ka kira ma'aikaci un improvisado, ka ce masa ɗan koyo ne da ya shiga aikin da bai iya ba. Kada ka yabi malaminka da ita.