In girki ba ya burge ka, ka riƙe ƙwai

Akwai mutanen da wallahi ko sunan kicin ba sa son ji, kuma ba duka ne malalata ba. Wani ya wuni a kasuwa ya dawo ƙafafu na zugi, wani ɗalibi ne mai risho ɗaya da tukunya ɗaya a ƙarƙashin gado, wani gwauro ne a ɗakin haya, wata kuma amarya ce da ba ta taso da son girki ba tana jin nauyin faɗa. Abun da ke damuna shi ne yadda irin waɗannan suke ƙarewa a biskit da lemon kwalba, ko su kwanta haka nan ciki ba komai, sai jiki ya fara gaya musu sannan hankali ya tashi. Alhali ga ƙwai nan a shagon bakin layi, ƙwaya ɗaya babba tana ɗauke da furotin wajen giram 6, kuma da wuya ka sami nama ko wake da zai dahu maka cikin minti 10 irin yadda shi zai yi.

In ka duba da kyau abun da ke korar mutane daga girki abu biyu ne, tsayuwa a kan wuta da kuma wanke-wanken da ke biyo baya. Toh duk abun da zan faɗa a nan tukunya ɗaya ce ko kasko ɗaya, wanda ya wuce haka na bar wa masu sha'awa.

Kafin komai ka san ƙwan da ka sayo. Babu abun da ke sa mutum ya tsani ƙwai har abada irin ya fasa baragurbi a cikin kwanon da ya riga ya yanka albasa da attaruhu. Ka sami kofi ko roba ka cika da ruwa ka saka ƙwan a hankali, in ya nutse ya kwanta a ƙasa sabo ne, in ya miƙe tsaye a ƙasan ya ɗan kwana biyu amma zai ciwu, in kuwa ya taso sama yana yawo ka rabu da shi. Dalili kuwa akwai wani ɗan gurbin iska a ɓangaren da ya fi faɗi, kullum ruwan cikin ƙwan yana fita ta ƙananan ƙofofin ɓawon iska na shiga, gurbin yana ƙara girma. Ko ka yi wannan gwajin dai ka riƙa fasa kowane ɗaya a kofi daban kafin ka juye cikin sauran, hancinka zai gaya maka gaskiya. Kuma in ba ka da firij, ko kana da shi amma wuta sai a hankali, kada kwaɗayin sauƙin kuɗi ya sa ka ɗauki kiret guda mai 30 a watan Afrilu, zafin bazara ba ya barin ƙwai, ka sayi abun da za ka cinye cikin sati. Kada ka wanke shi ka ajiye, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke toshe ƙofofin nan, ruwa yana cire shi, wanki sai lokacin da za ka ɗora.

Dafaffe shi ne sarkin sauƙi, amma shi ma mutane suna ɓata shi da yawan dahuwa. Za ka ga an ɗora an tafi hira rabin awa, a dawo farin ya zama kamar robar silifa, gwaiduwar ta bushe tana shaƙe maƙoshi, ga wani kore-kore ya zagaye ta. Wannan koren ba guba ba ne, sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne ya haɗu da farar wutar da ke cikin farin saboda zafi ya yi yawa, amma farar wutar ce ke kawo warin nan da ke sa a buɗe taga. Yadda za ka yi shi ne ka bar ruwa ya tafasa tukuna, ka rage wuta, ka zira ƙwan da cokali kada ya bugi gindin tukunya, ka kunna agogon wayarka. Minti 7 gwaiduwa tana da ɗan laushi a tsakiya, minti 10 ta dahu tana nan ruwan ɗorawa shar, minti 12 shi ne iyaka. Da agogo ya buga ka tsiyaye ruwan zafin ka zuba na sanyi, na randa ma ya isa, in ya ɗumama ka sake wani. Wannan sanyin shi ke tsayar da dahuwar kuma ya taimaka wajen ɓarewa. In kuma ɓawon yana tahowa da naman ƙwan duk da haka, ba hannunka ba ne, sabon ƙwai ne ya fi wuyar ɓarewa, wanda ya yi sati ya fi bada haɗin kai. Ka fara fasawa daga ɓangaren mai faɗi inda iskar nan take.

Wanda ko tsayuwar minti 10 ba ya so, in yana da butar lantarki ta dafa ruwan shayi irin mai shafaffen gindi, ba mai ƙarfen nan a fili ba, ya jera ƙwan a ciki ya zuba ruwa ya rufe su ya kunna, in ta tafasa ta kashe kanta ya bar su a rufe minti 12 zuwa 13 ya je ya yi wanka, shikenan. Haka in kana dafa shinkafa ko taliya, ka wanke ɓawon tas ka jefa a cikin tukunyar su dahu tare, gas ɗaya aiki biyu. Abu ɗaya da zan roƙe ka, dan Allah kada ka saka ƙwai da ɓawonsa a maikurowef, tururi ne ke taruwa a ciki ya rasa hanyar fita, fashewa yake, wani lokacin ma sai bayan an fito da shi ya tarwatse a fuskar mutum.

In damina ta sauka ƙwan zabi ya shigo, ka ga yara da faranti a tasha da bakin titi, toh ka mora. Ya fi na kaza ƙanƙanta, ɓawonsa ya fi tauri sosai shi ya sa yake jure ajiya da tafiya, ga gwaiduwa mai garɗi. Ni dai a dafaffe ban ga na biyunsa ba, shi da yajin ƙuli mai ɗan citta. Kuma dafaffen ƙwai ba sai da burodi kaɗai ba, ka sayo ɗanwake ko garau-garau ka yanka a kai, ko ka yayyanka latas da tumatir da albasa ka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ka rarraba ƙwai biyu a sama, abinci ne cikakke kuma ba ka soya komai ba.

Yanzu suya, nan ne nake so ka nutsu, don duk wanda ya ce min wainar ƙwansa tana ƙonewa a waje ciki ruwa na san wutarsa ce ta yi yawa. Mutane suna kallon mai shayi da wutarsa tana huci su ce haka ake yi, sun manta shi hannunsa ya saba, ɗaruruwa yake soyawa, ga man da yake malalawa mai yawa, ya san daƙiƙar da zai juya. Kai da ba ka saba ba ka rage wuta zuwa tsakiya ko ƙasa da haka, ƙwai ba ya son gaggawa, zafi kaɗan yake buƙata ya kama jikinsa. Ka fasa biyu ko uku a kofi, gishiri ɗan kaɗan ko rabin magi ka murje shi da yatsa kada ya dunƙule a waje ɗaya, albasa da attaruhu a yanka ƙanana, ka kaɗa da cokali mai yatsu har fari da gwaiduwa su haɗe. Mai cokali ɗaya babba ya isa. Yadda za ka san ya yi zafi, ka jefa ɗan yankin albasa, in ya fara ƙara a hankali ya yi, in hayaƙi ke tashi ka sauke kaskon ya sha iska tukuna. Ka juye, ka bar shi, kada ka taɓa sai gefe-gefen ya ɗago sama ya daina gudu. Mai tsoron juyawa ba sai ya juya ba, ka ɗora murfin tukunya ko faranti a kai minti 2, tururi zai dafa saman. In kuma wajen juyawa ta karye, ka dagargaza ta kawai ka ci abunka, daɗin ɗaya ne.

Tumatir a cikin waina shi ke jawo mata ruwa, in dole kana so ka matse 'ya'yan ka yi amfani da tsokar.

Akwai wata dabara ta burodi da nake so ƙwarai ga masu sammako, da ka juye kaɗaɗɗen ƙwan a kasko tun bai kama ba ka ɗora yankan burodi biyu a kai ka ɗan danna, in ƙasan ya yi ka kifa duka gaba ɗaya burodin ya koma ƙasa ya gasu a sauran man, ka naɗe gefen ƙwan ciki ka haɗe yankan biyu. Ko faranti ba ka buƙata, ga shayinka a gefe.

Indomi kuwa kowa ya iya, sai dai da yawa suna ɓata kasko na biyu wajen soya ƙwan daban. In ruwan ya kusa tsotsewa ka buɗe ɗan rami a tsakiya ka fasa ƙwai a ciki ka rufe tukunyar ka rage wuta minti 3, zai dahu a zaune. Ko ka kaɗa shi ka zuba a kai ka jira kaɗan sannan ka gauraya. In akwai ragowar kabeji ko karas ko ganyen albasa ka watsa, don indomi zalla kullum ba abinci ba ne, ƙwan da ganyen su ne ke mai da ita abun kirki.

Ranar da kake da ɗan ƙarfin jiki ka gwada miyar ƙwai, ita ce matakin da ya fi kusa da girki na sosai amma ba ta wuce minti 15. Albasa ɗaya, tumatir uku ko huɗu, attaruhu yadda bakinka ke ɗauka, tattasai in akwai. Ka soya albasar ta yi laushi, ka zuba sauran da gishiri da magi, ka bar su har ruwan tumatir ya ƙone mai ya fara fitowa, nan ne sirrin, in ka yi gaggawar zuba ƙwai a kan ruwan tumatir za ta tsinke ta yi tsami da ƙarni. Sai ka kwarara kaɗaɗɗen ƙwai, ka ƙirga ashirin a ranka ba ka taɓa ba, sannan ka juya a hankali. Da dafaffiyar doya, da dankalin Hausa, da farar shinkafa, da gurasa, duk tana shiga. Mutanen Tunisiya da Libiya da Masar suna da irinta da suke kira shakshuka, a yadda aka fi saninta ba a kaɗa ƙwan, ramuka ake yi a cikin miyar a fasa ɗaya-ɗaya a rufe har farin ya kama, a ci da burodi daga cikin kaskon, ka ga an rage wankin kwano ɗaya.

Wanda aka hana shi mai da yawa ko ba ya son fantsalin suya, ya yi alalar ƙwai. Haɗin waina ne dai, ka ƙara ruwa ko madara cokali biyu, ka shafa mai a kofin silba ko gwangwanin alala, ka juye, ka zaunar a tukunya mai ruwa kaɗan wanda bai kai rabin kofin ba, ka rufe a kan wuta marar ƙarfi wajen minti 12 zuwa 15. Ka soka wuƙa, in ta fito ba ruwa ya yi. Tsofaffi marasa haƙori da yara suna son ta sosai. Ni ba na goyon bayan ƙulla shi a leda a jefa a tafasasshen ruwa, gwangwani ya fi kwanciyar hankali.

Maganar yara ta tuna min, har yanzu akwai gidajen da ake cewa yaro in yana cin ƙwai zai yi sata, ko a hana mai ciki. Wannan camfi ne kawai kuma yana cutar da waɗanda suka fi kowa buƙatarsa, sai dai in yaro jikinsa ba ya karɓa, yana ci ya fito da ƙuraje ko kumburi ko amai, wannan a kai shi asibiti. Abun da ya kamata a kiyaye shi ne mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi da marar lafiya a dafa musu ya dahu sosai fari da gwaiduwa, saboda ƙwayar cutar salmonela da kan iya kasancewa a ɗanye ko wanda bai nuna ba, tana kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki. Haka masu fasa ɗanyen ƙwai a cikin maltina ko madara wai ƙarin jini ko ƙarfi, ku yi haƙuri ku dafa, jiki ya fi tsotsar furotin ɗin dafaffe nesa ba kusa ba, ga haɗarin da kuka kauce wa. Dafaffen ma in an yi da yawa a firij zai kai sati da ɓawonsa, a waje kuwa cikin zafin nan namu kada ya daɗe, ka dafa iya wanda za ka ci a lokacin.

Sai wanke-wanke, da ƙarnin da ke maƙalewa a kofi har ka sha ruwa washegari ka ji shi. Kuskuren shi ne a fara da ruwan zafi, zafin dafa ragowar ƙwan yake ya manne a jikin kwanon. Kofin da ka kaɗa a ciki ka ɗauraye shi da ruwan sanyi nan take tun waina tana kan wuta, sannan sabulu, in da ɓarin lemon tsami ka goga. Kaskon kuma da ka kwashe ka bar shi ya huce ka zuba masa ruwa ya jiƙa kana cin abinci, kafin ka gama soso ɗaya zai ɗauke komai, in mai baƙin shafen nan ne da ba ya kamu kada ka sa masa soson ƙarfe.