Yadda nake kula da bishiyar kuɗi a falona

Ta farko da na saya, da hannuna na kashe ta. Kullum idan na gama sharar safe sai in zuba mata kofi guda na ruwa, ina ganin gata nake yi mata. Kafin wata biyu ganyen ya koma ruwan ɗorawa yana zuba. Da na matsa gindin sai na ji shi luguf kamar ayabar da ta wuce nuna, saiwar kuwa ta ruɓe har tana wari. Raina ya ɓaci sosai ranar.

Bishiyar kuɗi shukar ado ce da ake ajiyewa a tukunya. Sunanta na kimiyya Pachira aquatica, asalinta daga fadamun Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma a Taiwan aka yayata yi mata kitson kara a shekarun 1980. Dangin kuka da rimi ce, ganyenta mai yatsu 5 zuwa 7 ma ya isa shaida. Kumburin nan na gindinta rumbun ruwa ne, shi ya sa ta fi jure ƙishi a kan jiƙa. A tukunya, ruwan da ya kwanta yakan hana saiwa iska.

Yanzu ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. Idan na ji danshi, sai in ƙyale ta. Idan ta bushe, in zuba sosai har ya fito ta hujin tukunyar, sannan in zubar da wanda ya taru a farantin ƙasa. Tukunyar da ba huji, kada ma ku fara. Ƙasar kuma a gauraya ta da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki kaɗan.

Tana son haske, amma ranar azahar tana ƙona mata ganye. Tawa tana kusa da tagar gabas, bayan labule mara kauri, kuma duk Juma'a nakan ɗan juya tukunyar don kada ta karkata gefe guda. A nisanta ta da iskar na'urar sanyaya ɗaki.

Da hunturu ƙura kan rufe ganyen, bakinsa ya bushe. Nakan jiƙa tsumma mai laushi in goge su ɗaya bayan ɗaya, ina leƙa bayansu saboda ƙananan ƙwari masu kama da auduga. Ruwan sabulu kaɗan yana maganinsu.

Ranar da kuka kawo ta gida, ku ɗan tona ƙasar gindin. Sau da yawa akwai roba da aka ɗaure kitson da ita, wadda ke shaƙe karan idan ya yi kauri. A tawa ta biyu na same ta har ta fara nutsewa cikin ɓawon, na sa reza na yanke.