Yadda za ka koya wa manhajarka wanda za ta ba amana

Duk wanda ya taɓa zama a Dawanau ya san dillali ba ya ɗaukar buhun gero ya ba baƙo bashi ranar farko. To haka lamarin yake in ka saki manhaja a intanet tana ciniki da wasu manhajojin da ba ka san masu su ba, kowacce ribar ubangidanta take nema, kuma babu sarkin kasuwar da za ka kai wa ƙara. Ga yadda nake tsara tawa.

Da farko ka buɗe mata littafin bashi. Duk wadda suka yi hulɗa ta rubuta, ta cika alkawari ko ta saɓa. Wajen fitar da makin amana, lissafin da masu bincike Jøsang da Ismail suka fitar a 2002 na fi so saboda sauƙinsa: ka ƙara 1 kan adadin cikawa, ka raba da jimillar hulɗar bayan ka ƙara mata 2. Wadda ta cika sau 8 ta saɓa sau 2 ta tashi da 9 bisa 12, wato 0.75. Sabuwar zuwa kuwa 0.5.

Sai ka sa tsohon tarihi ya riƙa rage nauyi, don kirkin bara ba ya wanke cutar jiya.

Na uku shi ne tambayar shaidu, kuma wallahi nan ne aikin yake. In manhajarka ba ta san wata ba dole ta tambayi na kusa, amma fa mai shaidar ma yana iya sharara ƙarya, ko mutum ɗaya ya buɗe sunaye ɗari suna ta yabon juna, abin da wani mai bincike John Douceur ya yi bayani a 2002 ke nan, ana kiransa harin Sybil. Don haka kowane mai shaida ka auna shi da abin da ya faɗa a baya, ya zo daidai da abin da idonka ya gani? In bai zo ba a rage darajar maganarsa. Tsarin auna amana mai suna EigenTrust na jami'ar Stanford a 2003 ma da wasu 'yan tsirarun amintattu yake farawa, daga gare su yardar ke yaɗuwa.

Saura mai canza suna. Macucin da ya faɗo 0.2 in ya sake rajista ya koma 0.5, ka ga ya ci riba kenan. Ni ba na barin sabuwa ta taɓa babban ciniki, ta fara da ƙanana ko ta ajiye jingina, sai ta cika kamar sau goma sannan in ɗaga mata iyaka.