Yadda ake ɗaure kowane faifai da lambarsa a bayan gadar ajiya

Idan ofishinku a nan Maradi yana da akwatin faifai ko na'urar kaset ɗin ajiyar bayanai ta LTO, kuma ana so sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) biyu ko uku su yi aiki da shi ta kebul ɗin rezo, wata na'ura da ake kira gada ce ke shiga tsakani. Ta gefe ɗaya tana riƙe da faifan ta SAS ko tsohuwar SCSI (hanyoyin jona faifai da kebul), ta ɗaya gefen tana magana da sabar ta iSCSI ko Fibre Channel (hanyoyin isa ga faifai ta rezo). Jona wayoyi ba ya cin lokaci. Aikin yana wajen taswira: wane faifai zai bayyana ga wace sabar, da wace lamba, kuma ya tsaya a kan lambar ko an ɗauke wuta an maido.

Ka fara da biro da takarda, tun kafin ka kunna komai. Zaro kowane faifai, ka rubuta lambar siriyal da WWN (lambar shaidarsa da babu wani faifai mai irinta) da ke jikin takardarsa, da ramin da yake zaune a akwatin. Waɗannan lambobin daga masana'anta suke, ba sa canzawa. Duk wata lamba da za ka gani daga baya, na'ura ce ta raɗa ta.

Sai ka fahimci adireshin. A Linux, umarnin lsscsi yana nuna lambobi huɗu kamar [3:0:0:1]. Ta farko katin da ke cikin sabar ce, ta biyu layi, ta uku na'urar da aka nufa, ta huɗu kuma LUN, wato lambar da faifan ke bayyana da ita a cikin na'urar. Kamar a ce unguwa, layi, gida da ɗaki. In tsohuwar SCSI ce a bayan gadar, nau'inta mai faɗi (Wide SCSI) yana ɗaukar lambobi 0 zuwa 15, kuma 7 galibi ta katin ce, kada ka ba wani faifai ita.

Yanzu ka ba gadar adireshin IP tsayayye, misali 192.168.50.10, ba wanda DHCP, mai raba adireshi da kansa, ke rabawa ba. In da hali, ware mata suwic (akwatin haɗa kebul ɗin rezo) nata daban da na ma'aikata. iSCSI yana bi ta ƙofar TCP 3260, sai ka tabbata a buɗe take.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi damuwa da shi. Wasu gadoji suna zuwa da taswira ta kai tsaye: faifan da ya fara amsawa ya samu LUN 0, na bayansa 1, haka har ƙarshe. Inda wuta ba ta motsi, wannan zai iya shekara bai ba da matsala ba. Mu kuwa mun san yadda Afrilu da Mayu suke. A ce faifai huɗu gare ka. An ɗauke wuta da azahar, janareta ya tashi, faifai na biyu ya yi nauyin juyawa saboda tsufa ko zafi. Gadar ba za ta jira shi ba: na uku ya zama LUN 1, na huɗu ya zama LUN 2. Da dare manhajar ajiyar kwafi ta tashi, ta zuba bayanai a kan LUN 1 kamar kullum, alhali faifan albashi ne ke zaune a can yanzu. Fitilu duk kore, babu ƙara, babu gargaɗi.

Don haka ka shiga shafin saitin gadar, ka kashe taswirar kai tsaye, ka koma ta hannu. Ɗauko takardarka, ka ɗaure kowace WWN da LUN ɗin da ka zaɓa mata. Kada ka bar LUN 0 fanko, domin nan sabar ke fara tambaya kafin ta san sauran. In na'urar kaset ce, sa hannun da ke ɗaukar kaset a lamba ɗaya, injinan karatun su biyo a jere yadda suke a cikin akwatin. In suka sauya wuri, hannun zai sa kaset a wannan injin, manhaja tana jira a wancan. Ka adana saitin, ka kuma sauke kwafinsa a kan filas.

Daga nan sai rabon iko. Kowace sabar tana da sunan da iSCSI ke gane ta da shi, wato IQN, a Linux yana cikin /etc/iscsi/initiatorname.iscsi. Rubuta sunan a gadar, ka nuna wa gadar LUN ɗin da aka yarda sabar ta gani kaɗai, ka sa kalmar sirri ta CHAP, wadda gadar ke tantance sabar da ita. Kada sabar biyu su hau LUN ɗaya mai tsarin fayil na ext4 ko NTFS a lokaci guda. Kowace za ta ɗauka ita kaɗai ce ke rubutu, su lalata faifan tare.

A kan sabar, nemo gadar da iscsiadm -m discovery -t sendtargets -p 192.168.50.10, sannan ka shiga da iscsiadm -m node --login. A Windows, iscsicpl ne ke buɗe tagar da ake yin wannan aikin.

Faifan za su fito da sunaye irin /dev/sdb da /dev/sdc. Kada ka rubuta su a ko'ina, su ma bin sahu suke yi. A /etc/fstab, fayil ɗin jerin faifan da sabar ke hawa idan ta tashi, ka yi amfani da UUID, tsayayyiyar lambar shaida da umarnin blkid ya ba ka, ka ƙara _netdev don sabar ta jira rezo ya tashi kafin ta nemi faifan. Na kaset kuma suna cikin /dev/tape/by-id.

Kafin ka zuba bayanan gaske, gwada. Kashe komai, ka kunna akwatin faifai, ka jira fitilunsa su natsu, sannan gada, sannan sabar. Duba ls -l /dev/disk/by-id ka gwama da takardarka. Sake kashewa, zaro faifai na biyu, ka kunna. In lsscsi ya nuna LUN 1 ta ɓace amma 2 da 3 suna nan a wurinsu, taswirar ta kama. Mayar da faifan, ka manna takardar a jikin akwatin tare da jerin kunnawa, don mai gadi ko abokin aiki da zai tashe su ranar da ba ka nan.